Silimar Illo a Mangazar Hatsi

In ka shiga Maurai, nan cikin Yamai, ka tambayi tsofaffin unguwa wane ne Illo, za su ce, "Wane Illo? Mai silima?" sai su kwashe da dariya. Dariyar nan ce take ƙona mini rai har yau. Ni ce Balki, taubashiyarsa, don uwarsa Gwaggo Tsahara yayar babana ce. Duk duniya ni ke da ikon yi wa Illo dariya, kuma na yi har na ƙoshi tun muna yara. Amma wani can da bai san hawa ba bai san sauka ba ya buɗe baki ya yi masa, wallahi ban yarda ba.

A wani ƙauye cikin Adar aka haife mu, gabas da Tawa, inda duwatsu suka fi mutane yawa. Illo ne ɗan farin Gwaggo, saboda haka ba ta kiran sunansa, "yaron nan" take cewa har ya yi gemu. Dogo ne siriri, ga kunnuwa tubarkalla. In iska ta taso nakan ce masa ya riƙe su da kyau kada ta tafi da shi, shi kuma ya ce in bari ya ɗauke ni ya sa a aljihu tunda Allah bai ba ni tsawo ba.

Duk abin da ya taɓa sai ya watse. An sa shi lekol, makarantar boko, ya faɗi jarrabawar satifika. Ya koyi ɗinki a Tawa, ya ɗinka wa wani alhaji riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka kore shi. Ya bi samarin Adar zuwa Abijan, kowa ya dawo da rediyo da keke, shi ya dawo da tari da balis fanko, akwatin tafiya ba komai ciki. Daga nan ya faɗo Yamai, ya kama ɗaki a Maurai, Allah ya haɗa shi da aikin da aka halicce shi dominsa. Akwai wata motar gwamnati mai yawon ƙauyuka tana haska silimar wayar da kai, yadda ake shuka gyaɗa a layi, yadda ake tace ruwan sha. Illo ke kafa farin ƙyalle, shi ke tayar da injin kuran mai ba da wutar lantarki, shi ke zura zaren silima cikin injin haskawa, sannan ya ɗauki mikro ya fassara wa mutane. Nan ne bakinsa ya yi rana. Ko silimar tace ruwa ce, sai ka ji ya sa ƙwayoyin cuta suna gaisawa suna tambayar juna iyali, mata na riƙe ciki don dariya. Wannan aikin ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa zama shugaban kowa ba. Silima ɗaya tak ya yi tasa ta kansa a rayuwarsa.

Da kakar da ta zama ta ƙarshe mai albarka a wajenmu, wani Bature na bironsu, wato ofishinsu, ya ara masa kamara da zare da ɗan akwatin ɗaukar murya. Illo ya kwaso su ya nufo gida. Ni lokacin ina makarantar koyon malanta, na zo hutu. Ya zaunar da ni gindin rumbu ya ba ni labarin da yake son ɗauka. Wai wani saurayi ne ya dawo daga Abijan ba ko anini, ya cika balis ɗinsa da duwatsu don a ce ya yi arziki. Wata bazawara mai fura ta gano shi, kullum tana masa tsiya a bakin rijiya, shi kuwa sonta na cin sa. Yana cikin neman ta sai ubansa ya rasu, ya juye duwatsun ya ɗauki kalme, fartanyar noma, ya kama gonar uban, ita kuma ta kawo masa fura gona.

Na ce, "Kai Illo, wannan ai ba ƙaga labari ba ne. Tonon asiri ka yi wa kanka."

Ya ce, "To wa ya fi ni sanin sa? Ke za ki riƙe kamara. Ki duba nan, ki danna nan, kada ki saki sai na ce."

Shi ya fito a saurayin. Mai furar kuwa Mariyama ce, bazawara ta gaske, mai fura ta gaske, furar da duk garin suka san ƙamshin cittarta. Ba a rubuta mata magana ko ɗaya ba, don ba ta bukata. Ranar farko ta ɗaga balis ɗin ta jijjiga, ta ce, "Oh, samarin Adar! Duwatsunmu ba su ishe mu ba, sai an yo mana odar na Abijan?" Illo ya manta abin da zai ce, ya tsaya yana kallonta baki sake. Tun daga ranar na san inda maganar za ta ƙare.

Uban saurayin kuma mahaifin Illo ne da kansa, Baba Yakuba, tsoho mai raha wanda ko ta'aziyya ya je sai an ɗan murmusa. Mun ɗauke shi a gona, mun ɗauke shi yana hawa rumbu, mun ɗauke shi yana korar awaki. Komai lafiya lau har muka zo wurin mutuwa.

Illo yana son a ga an fito da gawa cikin makara. To a garinmu mai rai ba ya kwanciya cikin makara. Yaro ko zama ya yi a kanta da wasa sai ya sha bulala, a yi masa tofi. An ce kiran ajali ne. Illo ya ce a sa karan dawa a lulluɓe, muka gwada, ko makaho ya san kara ne. Ya nemi wani ya kwanta a madadin tsohon, samari suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Liman ya aiko a gaya masa ya bari. Illo ya zauna ya yi tagumi, sai Baba Yakuba ya tuɓe hula ya ce, "Ɗana ya zo da aikinsa gida, ba zai koma da kunya ba. Ajali ba ya cikin itace. Ku kawo farin zane."

Gwaggo tana tsakar gida tana sussuka. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, kada ka yi." Ya ce mata yanzun nan zai tashi. Ta ja zane ta rufe kanta, ta shige ɗaki ta sa ƙyaure, ba ta ga komai ba. Aka lallashi maza huɗu suka ɗauki makarar, muka yi abin da za mu yi, Illo ya tattara kaya ya koma Yamai, aka aika zaren Faransa a wanke.

Zaren bai dawo ba sai da Baba Yakuba ya kwanta zazzaɓi da sanyin nan. Kwana kaɗan ya cika. Cikin makarar nan aka fitar da shi, mazan nan huɗu suka ɗauka.

Kai, ranar na ga abin da ake kira gari ya juya wa mutum baya. Illo ya iso bayan an rufe, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya shiga ya durƙusa ƙofar ɗakin Gwaggo, ba ta dube shi ba. Ni ta duba ta ce, "Balki, gaya wa yaron nan ya riga ya binne ubansa tun da kaka, mi ya dawo nema? Ni da cin hatsinsa ko shan inuwarsa har abada." Ta faɗa a hankali, ba kuka ba ihu. Wanda ya san Gwaggo ya san maganar ta zauna ke nan.

Silimar ta dawo cikin gwangwani biyu masu faɗi kamar faifai. Murya kuwa babu, ashe akwatin bai ɗauki komai ba sai kukan iska. Illo ya daure ya haska gwangwani na farko wa manyan bironsu a wani zaure nan Yamai. Suka ga mutane na motsa baki ba magana, suka fara duba agogo, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wani ya dafa shi ya ce wannan hoton ƙauye ne, ba silima ba, ya koma kan gyaɗarsa. Gwangwani na biyu, inda makarar take, Illo bai buɗe ba, bai kuma bari kowa ya taɓa ba. Riba ɗaya ya ci, Mariyama. Yayanta ya ɗaura musu aure a Tawa, ta biyo shi Maurai da ƙoren furarta, tana masa tsiya safe da yamma, shi yana jin daɗi. Duk kaka yakan aika wa Gwaggo buhun gero, buhun ya dawo da ɗinkinsa.

Sai fari ya zo. Ba sai na tsaya kwatanta shi ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Damina ta yi ƙarya, ta sake yi. Shanu suka faɗi a bakin rijiya, aka ci irin shuka, aka tone gidajen tururuwa. Ni lokacin ina koyarwa a wata lekol a Gamkalle. Da bazarar da soja suka karɓi mulki, wata safiya Mariyama ta same ni cikin aji ko sallama babu, ta ce mutanen garinmu suna bayan gari wajen Lazare, kamiyo, babbar motar kaya, ya zubo su jiya, kuma Gwaggo na cikinsu.

Muka tafi mu uku. Bukkoki ne na buhu da kwali da tsumma iya ganinka. Da ƙyar muka gane ta. Matar da take ɗaukar tulu biyu daga rijiya, ga ta zaune kan buhu, zobenta ya koma babban yatsa don kada ya faɗi. Ƙannen Illo sun yi kudu neman abinci, ba labarinsu. Illo ya zube gabanta ya ce, "Inna, ga ɗaki can, ga gero. Ki taso mu tafi." Ta juya fuska wajen kwali. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi babana, shi kuwa kamar ba mutum a wurin.

Jar dawar taimako ake rabawa a sansanin. Allah ya saka wa waɗanda suka kawo, ta ceci rayuka, amma cikin tsoffin da suka saba da gero ba ya riƙe ta. Gwaggo ta ci, ta fita, ta ci, ta fita. Mariyama kullum ta dama fura da nono ta kai, kullum ta dawo da ƙwaryar a rufe. Na ce bari in yi dabara. Na juye furar cikin kwanona na kai na ce ni na dama. Gwaggo ta buɗe, ta shinshina, ta rufe. Ta ce, "Ɗiyar ƙanena, yaushe kika koyi sa citta haka?" Daga ranar ko ruwa na kawo ba ta karɓa, ta ce duk hannunmu ɗaya ne.

Raina ya ɓaci, na yi abin da ba a yi, na ɗaga mata murya. Na ce, "Gwaggo, wannan taurin kai ne ba takaba ba! Kashe kanki za ki yi don ki ƙona ran ɗanki?" Ta bar ni na gama, ta ce in gai da gida. Ma'aikaciyar asibitin da ke zagaya bukkoki ta ja ni gefe ta ce, in tsohuwar nan ba ta samu abincin da cikinta zai riƙe ba, ba za ta ga ruwan farko ba. Na gaya wa Illo. Shi ma ya daina cin abincin kirki. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya je ya zauna nesa da bukkarta, inda zai hango ta ita ba sai ta gan shi ba.

A wurin zaman nan ne mutanen garinmu suka fara matsowa kusa da shi. Yunwa ta cinye musu fushin. Wata rana ɗaya daga cikin mazan da suka ɗauki makarar, Tanimu, wanda ya binne ƴaƴa biyu a hanya, ya ce, "Illo, abin nan da ka ɗauka, garin yana ciki?" Illo ya ce yana ciki. "Da rumbuna? Da shanu?" Ya ce har da su. Tanimu ya ce, "Ka nuna mana. Yaranmu da suka rage sun fara mantawa."

Illo ya ce silimar ba ta da murya, manya sun gani sun ce ba silima ba ce. Mariyama ta ce, "Manyan sun san mai jar saniyar da ke ciki? Tashi ka nemo izini, malam, kafin in kai ka da kaina."

Lokacin soja sun hana taron dare, silima kuwa ba ta son rana. Illo ya je wurin sojan da ke kula da rabon hatsi, Sarjan Abdulaye, wani Bazabarme mai ƙaton gashin baki wanda Hausarsa ke tafiya da sanda. Ya saurara ya ce, "Siyasa akwai ciki?" Illo ya ce babu, sai soyayya da mutuwa. Sarjan ya ce waɗannan ba a hana su ba tukuna. Ya nuna masa wata mangazar kwano, ƙaton ɗakin ajiya da aka gama rabe hatsinsa, ba taga ko ɗaya, ya ce daga azahar zuwa la'asar tasa ce.

Wayyo zafi! Bazarar Yamai, cikin kwano, an rufe ƙofa, mutane sun cika maƙil suna zaune kan tsabar dawar da ta zube. Amma ba wanda ya motsa. Illo ya rataya farin ƙyalle, ya tayar da inji, haske ya faɗa. Sai ga garinmu. Ga kukar bakin kasuwa, ga rumbuna a jere sun sha sabon jinka, ga zangarniya an tara ta fi mutum tsawo.

Illo ya ɗauki mikro zai ara wa silimar murya. Ba a ma bukace ta ba. Wata mata ta yi ihu, "Ga saniyata!" Wani ya ce, "Wancan ai ɗana ne, mai gudu, wancan!" Duk wanda ya gifta a ƙyallen sai an kira sunansa, in ya rasu a ce Allah ya jiƙansa, in yana cikin mangazar a dangware shi a ce dubi yadda kake da ƙiba. Da aka zo bakin rijiya, Mariyama ta miƙe cikin duhu ta maimaita maganar duwatsun Abijan daidai da motsin bakinta, mangaza ta ɗauki dariya. Mutanen da na yi zaton sun manta yadda ake dariya! Ana dariya ana share hawaye, har sojan da ke gadin ƙofa ya leƙo. Ni kam a ranar na ji kaina ya yi girma. Na ce a raina, ɗan gwaggona ne ya yi wannan, kuma ni na danna.

Gwangwani na farko ya ƙare, Illo ya kashe inji ya ce iyakarta ke nan. Kowa ya san ba iyakarta ba ce, amma suka tashi suka fita. Gwaggo ba ta zo ba.

Amma tsoffin mata sun koma sun zauna kusa da bukkarta suna hira, wai ba da ita suke ba. "Kin ga Yakuba kan rumbu? Kamar ka kira shi ya amsa." "Har rigar nan tasa mai aljihu ɗaya." "Ni dariyarsa ce ta tsaya mini." Washegari Sarjan ya sake ba da mangazar, don waɗanda ba su samu shiga ba sun yi masa cincirindo. Ana shirin rufe ƙofa sai na hango ta. Tana dogara karan dawa, tana taku ɗaya tana hutawa. Na ruga zan kama ta, ta ture hannuna. Aka buɗe mata hanya har gaba, ta zauna ƙasa ta miƙe ƙafafu, ba ta dubi inda inji yake ba.

Na taya Illo zura zaren. Aka fara. Yau ba a yi hayaniya kamar jiya ba, kowa rabin idonsa na kanta. Da Baba Yakuba ya fito yana korar awaki, yana ɗaga riga yana tsalle kamar yaro, na ga bayanta ya miƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta dai matsa gaba kaɗan, ta sa hannu ta kare ido kamar mai hangen baƙo daga nesa.

Zaren ya ƙare, Illo ya kai hannu zai kashe inji. Sai muryarta ta fito cikin duhu, siririya amma kowa ya ji.

"Da saura."

Illo ya janye hannunsa daga injin.

"Balki, gaya wa yaron nan na san da saura. Ya sa abin da ya yi in gani da idona."

Na matsa kusa da shi na ce a hankali kada ya sa, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ni na riƙe kamarar, na san abin da ya faru ranar, amma ban san iyakar abin da ta kama ba. Abin da na tabbata yana ciki shi ne makara. Illo ya dube ni, zufa na zuba daga haɓarsa. Ya ce, "Ta tambaya. Shekara nawa ba ta tambaye ni komai ba." Ya ciro gwangwani na biyu daga jaka, ya ɓamɓare murfin da ya yi tsatsa da bakin makulli.

Ga ƙofar gidansu. Ga maza huɗu sun fito da makara, farin zane a lulluɓe, Tanimu a gaba. Mangaza ta yi tsit, sai ƙarar inji. Wata tsohuwa ta fara salati. Na ga Gwaggo ta dafa ƙasa da hannu biyu, na ce shi ke nan, mun kashe ta.

Makarar ta yi taku kaɗan sai zanen ya fara rawa. Wajen ciki ya fara, yana hawa yana sauka. Sai ƙafa ɗaya ta leƙo ta sosa ɗayar. Tanimu na cikin hoton ya cije leɓe, na bayansa ya sunkuyar da kai, makarar ta karkace, suka dire ta ƙasa suka zube suna riƙe ciki. Hoton ma duk ya girgiza, don ni mai riƙe da kamarar dariya nake. Na ɗauka na saki maɓallin a lokacin, ashe ban saki ba. Sai ga Baba Yakuba ya yaye zanen ya tashi zaune cikin makara, hawayen dariya sharkaf a fuskarsa, ba hula, yana nuna wanda ya taka masa gefen zane. Illo na cikin hoton ya shigo yana ɗaga hannu yana faɗa an ɓata masa aiki, tsohon ya kama kunnensa ɗaya ya ja, ya rungumo kansa ya haɗa da ƙirjinsa yana bubbuga bayansa.

Wani ya fashe da dariya a bayanmu ya yi maza ya toshe baki. Cikin hoton, tsohon ya saki ɗansa, ya juya wajen ƙofar gida, ya kewaye baki da tafin hannu yana kira. Ya sake kira. Ba murya, sai bakin ke motsi.

Wani yaro ya ce, "Mi yake cewa?"

Gwaggo ta ce, "Ni yake kira. Cewa yake in fito in ga gawa na jin ƙishirwa." Sannan ta ce, "Na ji shi ranar. Ban fito ba."

Sai kukan ya zo mata. Tun rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, ranar ta yi shi da murya, tana kuka wata dariya na ƙwace mata a tsakiya, tana cewa, "Ka ji mutum! Ka ji mutum!" Mata suka kewaye ta. Sauran silimar, da juye duwatsu da kai fura gona, ta wuce ba wanda ya kalla. Zaren ya ƙare, ƙyallen ya yi fari fat, aka buɗe ƙofa iska ta shigo.

Illo yana durƙushe yana naɗe zaren cikin gwangwani, bai iya ɗaga kai ba. Gwaggo ta share fuska da gefen zane, ta juyo. Wannan karon ba ta ce Balki gaya masa ba. Shi ta duba.

"Kai. Ina kake ajiye shi?"

"Wa, Inna?"

Ta nuna gwangwanin da haɓa.

Ya ce, "Ƙarƙashin gado."

"Ƙarƙashin gado? Wurin takalma da ɓeraye? Ubanka?" Ta miƙo hannu biyu. "Ba ni nan. Ba ka taɓa iya ajiyar komai ba."

Ya ɗora mata a cinya. Ta shafa murfin, ta kankare tsatsar da farce, ta naɗe shi cikin zanenta. Illo ya ce a hankali, ai ba a kallonsa sai da inji, injin kuma Maurai za a mayar da shi. Ta ce ita ma ta sani, ba yarinya ba ce, ya tsaya yana kallonta ne ko zai nemo abin hawa?

Sarjan Abdulaye da kansa ya sa aka ɗauke mu a kamiyon da ya sauke hatsi. Gwaggo a gaba kusa da direba, gwangwani a ƙirji, mu a baya muna riƙe da inji. Duk hanya Mariyama ke ta yi wa Illo faɗan ya bar kuka cikin mutane, ita ma tana yi.

Da muka isa, Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa ta yi bisimilla ta shiga. Ta dubi ɗakin sama da ƙasa, ta sa aka sauke rediyo daga kan tebur, ta shimfiɗa ɗankwalinta ta ɗora gwangwanin a wurin. Sannan ta zauna kan tabarma tana haki. Mariyama ta kawo ƙwaryar fura ta ajiye gabanta ta ja da baya, muka tsaya jikin bango mu uku ba mai numfashin kirki.

Gwaggo ta buɗe faifan. Ta ɗauki ludayi ta juya, ta kai baki, ta haɗiye. Ta sake kai wani. Ta ce cittar ta yi yawa, gobe a rage. Sannan ta tura ƙwaryar wajen ɗanta ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Zauna ka sha. Dubi wuyanka."